"Zai Bari In Ya Gama Girma": Nazarin Ciwon Gwiwar Wani Matashi Daga Shekara 12 Zuwa 19

Ranar da aka fara kawo mini shi sashen gashin ƙashi, shekararsa 14 da wata biyar. Ya shigo a bayan mahaifinsa, dogo siriri, wandonsa ya ɗage sama da idon sawu, alamar tsawo ya zo masa bagatatan. Da na nuna masa kujera, sai ya miƙe ƙafar dama gaba, ya dafa da hannu biyu, ya sauke nauyinsa a kan ta hagu. Zaman nan kaɗai ya ba ni rabin labari tun kafin a buɗe baki.

Na ce masa, "Yaya jikin?" Ya ce, "Da sauƙi." Mahaifin ya juyo ya kalle shi. "Likita, kada ka biye masa. Shekara biyu ke nan muna jin da sauƙin nan."

Ba zan ambaci sunansa ba. Na zaɓi rubuta lamarinsa ne saboda na samu damar ganin gwiwa guda a lokuta mabambanta tsawon kusan shekara biyar, abin da ba kasafai yake samuwa ba. Yawancin yaran da ke zuwa da irin wannan ciwo sau ɗaya ko biyu muke ganinsu, mu ce musu zai wuce, su tafi, mu kuma mu ɗauka ya wuce tunda ba su dawo ba.

Yadda abin ya faro

Yana ɗan shekara 12 da wata takwas ya fara jin zafi a ƙasan ƙoƙon gwiwarsa ta dama. Bai faɗi ƙasa ba, ba a taka shi ba, babu wata rana guda da zai nuna ya ce daga nan abin ya soma. A lokacin yana buga ƙwallo a ƙungiyoyi biyu, ta makaranta da wata ta yara, ga kuma wasan yamma da abokai wanda ba wanda yake lissafa shi. Da muka zauna muka ƙirga tare, sai muka ga kwana shida a mako yana fili. A wannan shekarar kuma mahaifiyarsa ta lura ya ƙaru da kimanin santimita 9, domin tana auna su a jikin bango.

Da farko sai bayan wasa yake jin zafin, ya kwana ya tashi garau. Daga baya ya koma tun ana tsakiyar wasa. Can kuma hawan bene ya zama aiki, tsuguno ya gagara, idan gwiwar ta ɗan bugi ƙafar tebur sai hawaye. Wata takwas ya yi yana ɓoyewa, don kada koci ya ajiye shi a benci. Yana shan ibuprofen kafin atisaye, abin da ya koya a wurin manyan 'yan wasa. Ɗingishi ne ya tona masa asiri.

A asibitin farko da suka je an gane ciwon daidai, an faɗa musu sunansa, Osgood-Schlatter, an kuma ce ciwon girma ne, zai bari da kansa in ƙashi ya gama ƙwari. Da zafin ya ƙi lafawa bayan wata biyu, sai aka ɗaure ƙafar da filasta daga cinya zuwa idon sawu na mako shida, aka kuma yanke masa hukunci: ba gudu, ba tsalle, ba ƙwallo, sai ranar da ciwon ya ɗauke ɗungurungum. Iyayen suka bi umarni sau da ƙafa. Har darasin motsa jiki na makaranta aka cire shi. Haka ya yi kusan shekara guda a zaune, ciwon bai ɗauke ba, ranar komawa fili kuma ba ta zo ba, domin sharaɗin da aka gindaya mata bai cika ba.

To ka ga an gudu daga gidan gara an faɗa na zago. Wata takwas na lodin da ya wuce kima, sai shekara guda ta rashin lodi kwata-kwata.

Abin da na gani a kan gado

A saman ƙashin ƙwauri, kamar faɗin yatsu biyu ƙasa da ƙoƙon gwiwa, akwai ƙullutu mai tauri wanda ido ma yana ganinsa idan aka jera ƙafafun biyu. Na sa babban yatsa na danna a hankali, ya janye ƙafar da sauri yana jan iska ta haƙora. Na zagaya sauran gwiwar, gefe da gefe, layin gaɓa, ƙasan ƙoƙon kansa, ko gezau. Babu ruwa a cikin gaɓar, babu zafin fata, ba ta karkacewa ko kullewa. Da na riƙe ƙafar na ce ya miƙe ta da ƙarfi, zafin ya taso daidai kan ƙullutun.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina cinyar ce. Na auna da tef santimita 10 sama da ƙoƙo: ta dama ta gaza ta hagu da santimita biyu da rabi. Da ya kwanta rub da ciki na lanƙwasa gwiwar, diddigen ya tsaya nesa da mazaunai, ƙugu ya fara ɗagowa, alamar tsokar gaban cinya ta ɗaure. Na ce ya tsaya da ƙafa ɗaya ya ɗan tsuguna. Gwiwar ta faɗa ciki tana rawa, ya kama bango. A ma'aunin zafi na sifili zuwa 10, ya ba da 7 ga mafi munin abin da ya ji a makon, kuma wannan daga gudun da bai kai na minti biyu ba ne, ranar da ya makara.

Sai na koma ƙugu, na juya cinya ciki da waje. Mahaifin ya ce, "Likita, ai gwiwa ce ke ciwo." Gaskiyarsa, amma duk matashin da ya zo da ciwon gwiwa da ɗingishi sai an duba ƙugunsa. Akwai lalurar da kan ƙashin cinya ke zamewa daga farantin girmansa, wato guringuntsin da ƙashi ke ƙara tsawo daga gare shi, a daidai waɗannan shekaru, kuma sau da yawa a gwiwa yaro yake jin zafinta. Idan aka yi sake da ita, ƙugun na iya lalacewa har abada. Nasa lafiya lau. Na kuma yi tambayoyin da ba a tsallake su: zafin yana tashinka daga barci? Akwai zazzaɓi, ko rama, ko kumburin da ke ƙaruwa ko an huta? Akwai sikila a gida? Sankarar ƙashi ba ta da yawa, amma idan ta zo, sau da yawa matasa take kamawa, kuma kewayen gwiwa ne wurin da ta fi so. Kalmar "ciwon girma" tana da haɗari ta nan, domin bargo ce mai faɗi, komai na iya ɓuya a ƙarƙashinta. Amsoshinsa duk a'a ne.

Abin da ke ƙarƙashin ƙullutun

Sunan lalurar Osgood-Schlatter, daga likitoci biyu da suka bayyana ta a shekara guda, 1903, kowa da kansa: Robert Osgood a Amurka da Carl Schlatter a Suwizalan. Babbar tsokar gaban cinya tana gangarowa ta rungumi ƙoƙon gwiwa, daga nan wata jijiya mai kauri ta ɗauka ta je ta manne a wani tudu da ke saman ƙashin ƙwauri. A jikin babba wannan tudu ƙashi ne tsantsa. A jikin yaro mai tasowa kuwa guringuntsi ne da ke kan hanyar zama ƙashi, bai gama haɗewa da uwar ƙashin ba. Duk gudu, duk tsalle, duk bugun ƙwallo, jijiyar tana fisgar wannan wuri mai taushi. Idan fisgar ta fi ƙarfin abin da wurin zai iya gyarawa tsakanin yau da gobe, sai ya fara ciwo, ya kumbura, wani lokaci ƙananan gutsattsarin ƙashi su rabu su zauna cikin jijiyar.

Shi ya sa take da lokacinta: maza galibi tsakanin shekara 12 zuwa 15, mata kuma da wuri, tunda su suke riga shiga saurin girma. Wani bincike da aka yi a Burazil kan ɗalibai 956 'yan shekara 12 zuwa 15, aka wallafa a 2011, ya same ta a jikin kusan ɗaya cikin goma. Tun a 1985 Kujala da abokan aikinsa a Finlan suka nuna bambancin da wasa ke kawowa: kashi 21 cikin 100 na masu wasanni sun yi fama da ita, marasa wasa kuwa kashi 4.5. A tsakanin kashi 20 zuwa 30 na masu ita, gwiwa biyun take kamawa. Tana da ƙanwa, Sinding-Larsen-Johansson, wadda ita kuma a ɗaya bakin jijiyar take, can ƙasan ƙoƙon.

Ban nemi sabon hoton ƙashi ba a wannan zuwan. Hannu da tarihi sun isa, kuma tsohon hoton da suka zo da shi ya nuna abin da ake tsammani.

Mako goma sha biyu

Bai daɗe ba a lokacin da Rathleff da abokan aikinsa a Denmak suka wallafa, a 2020, sakamakon wani tsari da suka gwada a kan matasa 51 'yan shekara 10 zuwa 14. Tsarin ba wani abin mamaki ba ne: a rage lodi na mako huɗu, a ƙarfafa tsoka, sannan a koma wasa mataki-mataki, zafi ne ke ba da izinin hawa mataki na gaba. Shi na bi, da 'yan gyare-gyare, domin yaron nan ba ragin lodi yake buƙata ba, ya riga ya huta har hutun ya zama cuta.

Mako huɗun farko, ya zauna ya danna bayan gwiwa a kan naɗaɗɗen tawul ya riƙe, ya kwanta rigingine ya ɗaga ƙugu sama ya riƙe, ya yi tafiya, ya hau keke a wuri mai laushi. Daga mako na biyar muka shiga tsuguno a jingine da bango, sannan tsuguno sosai, sannan taku mai faɗi gaba a sauka. Na zana masa tsani a takarda: tafiya da sauri, sassarfa, gudu miƙe, gudu da juyi, tsalle, atisaye da ƙwallo shi kaɗai, atisaye da ƙungiya, rabin wasa, cikakken wasa. Doka ɗaya ce. Idan zafi bai wuce 2 cikin 10 ba lokacin aikin, kuma da safe gwiwar ba ta fi jiya muni ba, a hau gaba. In ya wuce, a sauko mataki ɗaya, ba a koma ƙasa gaba ɗaya ba.

Wahalar ba a wurin yaron take ba. Mahaifiyarsa ce ta kira ni a mako na shida, muryarta a sama. "Likita, an ce mana kada ya yi abin da zai ji zafi, kai kuma ka sa shi tsuguno, ga shi yana cewa yana ji." Na tambaye ta nawa ya ce. Ta ce biyu. Na ce, "Mama, da safe fa?" Ta yi shiru, sannan ta ce da safen dai ba ya ɗingishi. Shekara guda ta yi tana gadin gwiwar nan kamar ƙwai, ba zan ga laifinta ba don ta kasa sakin jiki cikin mako shida. Abin da na koya a nan shi ne, bayanin da na yi wa uba da ɗa a ɗakin duba marasa lafiya bai isa gida yadda na faɗe shi ba. Da na sani da na nemi ta zo tun ranar farko.

Sau biyu ya zame. Na farko a mako na takwas, ya tsallake matakai uku a rana ɗaya don abokai sun rasa mai tsaron baya. Ya zo yana sunkuyar da kai. Na biyun kuwa ba laifinsa ba ne, gwiwar hagu ce ta fara nata, ko da yake bai kai na dama ba, kuma cikin wata biyu ya lafa.

A ƙarshen mako 12 mafi munin zafinsa ya sauko zuwa 3, bambancin cinya ya ragu zuwa santimita ɗaya, yana gudu miƙe ba matsala. Bai koma wasa ba tukuna, kuma wannan bai ba ni mamaki ba. A binciken na Denmak, kashi 80 cikin 100 sun ce sun samu sauƙi sosai a mako 12, amma kashi 16 kacal suka koma wasanninsu a lokacin. Sai bayan wata 12 adadin masu sauƙi ya kai kashi 90, na waɗanda suka koma wasa kuma kashi 69. Tsakanin "na ji sauƙi" da "na koma fili" akwai tafiya mai nisa, kuma a cikin wannan tazara ake asarar yara da yawa.

Shi a wata na takwas ya buga cikakken wasa. Sai dai tsohuwar ƙungiyarsa ta yi gaba. Sa'o'insa sun yi shekara biyu suna gogewa, shi yana zaune. Ya je atisaye na 'yan makonni, bai samu shiga ba, ya daina zuwa. Ya koma buga na yamma sau biyu a mako. A takardata na rubuta "ya koma wasa", kuma ba ƙarya na rubuta ba, amma ba wasan da ya bari ya koma ba.

A wata na 12 na sallame shi. Ya tambaye ni, "Likita, ƙullutun fa?" Na ce ƙullutun zai zauna, amma zafin, kafin ya cika 17 zai manta da wace gwiwa ce. Wannan magana tawa ce, ba ta asibitin farko ba, kuma ba ni da hujjar yin ta da wannan ƙarfin gwiwa.

Alkawarin da ba shi da rana

An daɗe ana koyar da cewa wannan lalura tana warkewa da kanta cikin shekara ɗaya zuwa biyu, da zarar farantin girma ya rufe, kuma tara cikin goma ba sa buƙatar komai sai haƙuri. Ga yara da yawa hakan ne. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Duk lokacin da wani ya ɗauki wahalar komawa ya nemo yaran nan bayan shekaru ya tambaye su, amsar ba ta fitowa fes haka.

Tun a 1990 Krause da abokan aiki suka bibiyi mutum 50 da suka yi ciwon suna yara. Kashi 76 cikin 100 ba abin da ciwon ya hana su yi, labari mai daɗi ke nan. Amma kashi 60 ba sa iya durƙusawa ba tare da jin ciwo ba. Rabin farko na wannan sakamako ya shiga bakin likitoci, rabi na biyu ya kwanta a takarda. A 2019 Guldhammer da abokan aiki a Denmak suka tuntuɓi mutum 43 da aka gani a asibiti da lalurar. Bayan kusan shekara huɗu, kashi 60 suna jin ciwon har lokacin. Su kansu matasa 51 ɗin nan da aka yi wa tsarin mako 12, da Holden da abokan aiki suka sake bibiyarsu bayan wata 24, sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna kashi 37 na waɗanda aka samu suna da ciwon, kuma fiye da ɗaya cikin biyar sun bar wasa saboda gwiwa. Idan aka faɗaɗa zuwa ciwon gwiwar matasa kowane iri, wani bincike a birnin Aalborg na Denmak ya bi ɗalibai 'yan shekara 15 zuwa 19 masu ciwon gwiwa har shekara biyar, ya tarar kusan huɗu cikin goma ba su rabu da shi ba.

Dole a karanta waɗannan alƙaluma da hankali. Adadin mutanen kaɗan ne. Yawancinsu waɗanda ciwon ya kai su asibiti ne, wato masu tsanani. Yaron da ya yi wata uku yana ɗingishi ya warke a gida ba ya cikin lissafi. Wanda har yanzu yake jin ciwo kuma ya fi saurin amsa tambayar masu bincike fiye da wanda ya manta. Tsarin mako 12 ɗin ma ba a gwada shi kafaɗa da kafaɗa da wani rukuni da aka bari haka nan ba, don haka ba za a rantse cewa duk sauƙin daga gare shi ya zo ba. Na yarda da duk wannan. Amma ko an zaftare alƙaluman da rabi, abin da ya rage ya fi ƙarfin a ce wa uba "zai bari" a rufe fayil. A ganina kuskuren ba a cikin kalmar yake ba, a cikin abin da take jawowa ne: wanda aka ce masa ciwo zai tafi da kansa ba a ba shi aikin yi, ba a ba shi ranar dawowa, kuma idan bai tafi ba sai ya ɗauka shi ne ya cika raki.

Dawowarsa

Ya yi ɓatan dabo fiye da shekara uku da rabi. Sai ga shi wata rana shi kaɗai, ɗan shekara 19, ya cika ya yi faɗi, har na so in kasa gane shi. Ya zauna daidai, ba dafa kujera. Ya ce yana koyon aikin shimfiɗa tayil, wata bakwai ke nan.

"Likita, gudu ba ya damuna. Bene ba ya damuna. Amma aikin nan a durƙushe ake yinsa tun safe har yamma. In na sa gwiwar a ƙasa kamar na durƙusa a kan tsakuwa."

Ya nuna mini yadda yake yi: ya durƙusa da hagu, ya tokare da tafin ƙafar dama, ya karkata jiki gefe guda. Haka yake wuni. Yanzu bayansa ya fara ciwo ta ɓangaren hagu, maigidansa kuma ya fara yi masa faɗan nawa. Na tambaye shi ko zafin ya taɓa ɗaukewa gaba ɗaya tun rabuwarmu. Ya yi ɗan murmushi ya ce na gudu ya tafi tun yana 16, amma na durƙuso bai taɓa tafiya ba, kawai dai da can ba abin da ke sa shi durƙusawa. Me ya hana ka dawowa? "Ai ka ce zai bari. Na ɗauka lokacin ne bai yi ba."

Na duba. Cinyoyin sun daidaita, ƙarfi ya dawo, tsuguno da ƙafa ɗaya tsaf. Ƙullutun yana nan, ya fi na da tauri, fatar kansa ta yi kanta. A samansa kaɗan, cikin jijiyar, yatsana ya ci karo da wani ɗan abu kamar ƙwayar tsakuwa, mai ɗan motsi, kuma nan ne daidai inda yake cewa wayyo. Wannan karon na nemi hoto. Farantin girma ya rufe, tudun ya haɗe da ƙashi, amma ga wani ɗan gutsuren ƙashi zaune shi kaɗai a gabansa, bai haɗe ba. Tun yana yaro ya rabu, girma ya zo ya wuce ya bar shi a nan.

Wannan shi ne sananniyar hanyar da ciwon ke bin mutum har girma. Ƙashi ya gama aikinsa, saura abin da ya bari. Kuma a nan ne kaɗai maganar tiyata take da muhalli. Ba a yi wa yaron da farantinsa bai rufe ba, domin taɓa wurin na iya rufe gaban farantin da wuri, ƙafa ta girma gwiwa tana lanƙwashewa baya. Allurar sitiroyid a wurin ma ba a ba da shawararta, tana iya raunana jijiyar ta kuma cinye naman da ke ƙarƙashin fata. Amma ga babba mai gutsuren da ke ciwo, wanda sauran hanyoyi suka gaza, ana cire gutsuren, wani lokaci a ɗan sassabe tudun.

Na gaya masa abin da aka gani a Finlan, inda Pihlajamäki da abokan aiki suka bi sojoji 107 da aka yi wa wannan aiki, kimanin shekara 10 bayan tiyata, aka wallafa a 2009. Kashi 87 cikin 100 ba su da wata takura a aiki ko harkokin yau da kullum, kashi 75 sun koma matakin wasansu na da. Ya fara murna. Sai na ƙara masa da na ukun, wanda shi ne ya shafe shi: kashi 38 ne kawai suka ce ba sa jin komai sam idan sun durƙusa. Wato aikin yana da kyau, amma abin da ya kawo shi wurina shi ne abin da aikin ya fi kasa ba da tabbaci a kansa. Ga kuma tabo da zai zauna daidai inda yake ɗora nauyi, ga makonnin da zai yi ba aiki.

Ya yi shiru yana shafa ƙullutun da babban yatsa. Ya ce, "To in kai ne fa, Likita?" Na ce ba ni ba ne, kuma na taɓa yi masa alkawari sau ɗaya, ba zan ƙara ba. Abin da zan iya shi ne in shimfiɗa masa hanyoyin biyu, in kuma haɗa shi da likitan ƙashi ya ji daga bakin mai riƙe wuƙar.

Inda aka tsaya

Ya ga likitan ƙashi, ra'ayinmu ya zo ɗaya: a gwada wata shida tukuna. Muka samo masa matashin gwiwa irin na masu aikin ƙasa, muka yanke rami a tsakiyar soson daidai girman ƙullutun, yadda nauyi zai sauka a kewaye, tsakiyar ta zauna a sarari. Muka gyara yadda yake durƙuso, ya riƙa komawa baya ya zauna kan dugadugansa, nauyin ya bazu a tsawon ƙwauri. Duk minti 20 zuwa 30 ya miƙe, ko da kwaɓa siminti ne ko ɗauko kwali. Ya ci gaba da ƙarfafa cinya da ƙugu sau uku a mako, muka ƙara da na gadon baya.

Bayan wata uku ya zo da matashin a hannu, soson ya lotse, ramin ya baje. Zafin durƙuso ya sauko daga 6 zuwa 3, bayan ya daina ciwo, yana kai wa la'asar kafin gwiwar ta fara magana. Ranar da ya manta matashin a gida kuwa, ya ce ko awa ɗaya bai yi ba. Bai ce a yi tiyata ba, bai kuma ce an fasa ba. Ƙwallo yana bugawa ranar da ba aiki, a baya yake tsayawa.

Muka yanka sabon soso. Wannan karon ban sallame shi ba. Na rubuta masa ranar dawowa a bayan katinsa, wata uku masu zuwa, na ce ko da sauƙi ko ba sauƙi ya zo, kuma ya taho da matashin in ga yadda ya ci.